Yaron da Malam Damƙau Bai Taɓa Kamawa Ba

Idan ka fito daga kasuwar Kurmi ta ɓangaren Jakara, hancinka ne zai fara gaya maka ka iso shagon Malam Abdulbaqi. Shagon ƙarami ne, in baƙo ya shiga sai mai shagon ya fito, amma ƙamshinsa har lungun baya ake ji. Turare yake sayarwa, kamar yadda mahaifinsa ya sayar, kamar yadda kakansa ya sayar. Kakan kakansa kuwa, in ji shi, daga Tarabulus ya biyo ayari da niyyar ya yi 'yan kwanaki a Kano, ya ga kasuwa, ya ga wata 'yar mutanen Jakara, ya fasa komawa. Abin da ya rage wa Malam Abdulbaqi na wannan gado shi ne hasken fata da dogon hanci, sai kuma wata irin magana ta mutumin da ya tabbatar shi ne da gaskiya tun kafin ya ji taka.

Sai dai ba turare ne ya yi masa suna ba. A unguwar, babba da yaro, kowa da Malam Damƙau ya san shi, saboda babu ɗan makarantar da zai gudu daga aji ya bi ta gaban shagonsa bai damƙe shi ba. Yaro ɗaya tak ya taɓa kuɓuce masa, shi ma ba gudu ya yi ba, a hankali yake wucewa kullum ta gaban idonsa, har ya kusa barin makarantar gaba ɗaya. Wannan yaro kuma ɗansa ne na cikinsa.

Shi kansa Malam Abdulbaqi bai yi nisa a boko ba. Yana ƙaramar sakandare mahaifinsa ya kwanta ciwo, aka ce ya zauna a shago na sati guda. Satin nan har yau bai ƙare ba. Ba zaman shagon ne yake ci masa rai ba, don shagon ya rufa masa asiri, ya yi aure a ciki, ya je Makka a ciki. Abin da bai taɓa hucewa a kai ba shi ne babu ko mutum ɗaya da ya tako daga makaranta ya ce, ina yaron nan mai dogon hanci da yake zama kusa da taga? Yakan faɗi wannan yana dariya, amma duk wanda ya san shi ya san dariyar ba ta kai ciki.

Aikin kamun kuwa da haushi ya fara. Wata safiya wasu 'yan makaranta suka ɓuya a bayan shagonsa suna buga ƙwallo, ƙwallon ta faɗo ta fasa masa kwalbar almiski. Ya tattara su, ya tasa su gaba har ofishin shugaban makaranta, da nufin a zane masa su. Shugaban ya tashi ya rungume shi, ya ce da za a samu irinsa a kowane lungu da matsalar ta ƙare, ya kuma sa shi a kwamitin iyaye nan take. Malam Abdulbaqi ya shiga da fushi, ya fito da muƙami. Duk wanda ya san mutanenmu ya san ba a ba mutum muƙami ya ajiye shi a aljihu.

Da farko ya ɗauka kamu ne kawai aikin. Daga baya ya gane yaro ba ya barin makaranta rana ɗaya, yakan fara barinta tun yana zaune a cikin aji. Ya koyi kallo. Idan ya ga jakar yaro ta fara sauƙi, ko ya ga an makara amma yaron ba ya sauri, ko ya hango rigar makaranta a ƙudundune cikin leda, sai ya miƙa hannu daga kan benci ya riƙe wuyan hannun yaron. Ba ya duka. Gurasa yake fara saya masa, don ya ce ba a yi wa mai jin yunwa tambaya. In yaron ya ci ya sha ruwa, sai ya yi masa tambayar nan tasa guda ɗaya: "Me ya hana?"

Amsoshin da ya ji sun ishi mutum kuka. Wani takalminsa ne ya tsinke, 'yan aji suka sa masa waƙa. Wani kuma babban ɗalibi ne yake ƙwace masa abin kari. Mafi yawa kuwa karatun ne ya wuce ya bar su, suna zaune a aji kamar baƙi a gidan biki, ana ta magana ba su san inda aka dosa ba. Irin waɗannan yakan miƙa musu kwalin turare ya ce su karanta masa abin da ke jiki. Wanda ya yi tuntuɓe sai ya kai shi wurin Malama Shamsiyya, malamar da take zama da yaran da aka bari a baya bayan an tashi, tana komawa da su tun daga baƙaƙe. Da yake hannunsa kullum cikin turare yake, yaron da ya riƙe yakan wuni yana ƙamshi, 'yan aji kuma sun san ma'anar wannan. Har ya zama in aka ce an shafa wa wane turare, kowa ya gane an kamo shi ne.

To, a gidan wannan mutum akwai Nazeer, ɗan fari.

Yanzu mutane da yawa a birni sun sassauta alkunyar ɗan fari, za ka ga uba ya ɗora ɗansa na fari a babur suna hira. Malam Abdulbaqi yana ganin wannan lalacewa ce. Shi a yadda ya tashi, uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa, ba ya tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ba ya ma tsayawa ya dube shi. Ya riƙe wannan al'ada da ƙarfi har yana taƙama da ita. In zai yi maganar Nazeer sai ya ce "wancan", ko "yaron gidan nan". Ƙannen Nazeer kuwa hawa kansa suke yi, ya san malamansu, ya san ranar jarrabawarsu. Matarsa Safiya ita ma haka, in an ambaci Nazeer sai ta sunkuyar da kai ta shiga neman abin da bai ɓata ba.

Ba wai ba sa son yaron ba ne. Suna son sa ƙwarai, son da ya sa ran da ya yi zazzaɓi mai tsanani Malam Abdulbaqi ya kasa buɗe shago, ya wuni a zaure yana cewa ƙafarsa ce take ciwo. Amma al'amuran Nazeer, bisa al'ada, an danƙa su ga mutum biyu. Na farko kakarsa, Hajiya 'Yardada, wadda tsakaninta da shi wasan jika da kaka ne kawai: tana ce masa Maigida, tana tuhumarsa da rashin kawo cefane, yana ce mata ya kusa sakin ta ya auro mai haƙora. Na biyu ƙanin babansa, Jibrin, wanda lambarsa ce a makaranta a matsayin uba, shi kuma yana can Kwatano yana harkar motoci, bai cika kwana biyu a gari ɗaya ba. Kenan yaron yana da mai yi masa wasa, yana da mai amsa masa waya, amma ba shi da mai yi masa tambaya.

Yara kuwa ba abin da ke wuce su. Masu gudun makaranta sun daɗe suna shan wahala, suna zagaye ta lunguna masu kwata don kada su bi ta gaban shagon Damƙau. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya lura da wani abu: duk sanda Nazeer ya ɓullo daga lungun gidansu, Malam Abdulbaqi yakan juya baya ya hau goge kwalabe, ba ya waiwayowa sai ya tabbatar yaron ya yi nisa. Ɗan nema ya gwada, ya raɓe a gefen Nazeer, ya wuce lafiya lau. Kashegari suka zama su biyu. Kafin wata ya ƙare abin ya zama ayari. Nazeer a gaba, kansa a ƙasa, bayansa jerin yara suna sanɗa, kowa na ƙoƙarin ya fi kusa da shi. Bai gayyace su ba, bai kuma kore su ba. Suna wuce shagon sai kowa ya kama gabansa, wasu gidan ƙwallo, wasu bakin kasuwa, shi kuma ya miƙe wajen Ƙofar Mazugal, rumfar wani mai gyaran waya da ake kira Sadiƙ.

Musa tela, wanda kekensa ke jikin shagon turaren, yana kallon wannan kullum. Ya yi ƙoƙari sau da yawa.

"Malam, yaron nan na wajenka, da safen nan na ga..."

"Musa, wannan zaren naka a ina kake saye? Yana da kyau."

"A Kwari. Amma Malam, ina cewa yaron..."

"Lallai Kwari akwai kaya."

Musa ya haƙura, ya ci gaba da taka kekensa.

Kamu ya yi ƙasa sosai. Sati ya zo ya wuce Malam Abdulbaqi bai saya wa kowa gurasa ba. Maimakon abin ya dame shi, sai ya ɗauka nasara ce. A taron kwamitin iyaye ya tashi, ya gyara babbar riga, ya ce alhamdu lillahi Jakara ta warke, yanzu ko da fitila ka nemi mai gudun makaranta ba za ka samu ba, ya kuma ba sauran unguwanni shawara su zo su koya. Aka yi masa tafi. Malama Shamsiyya ce kaɗai ba ta tafa ba, don ita ta san bencinan da suke zama babu kowa.

Malama Shamsiyya 'yar Rano ce, gajera, mai saurin tafiya, ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ta san alkunya sarai, ita ma uwarta ba ta taɓa faɗin sunan yayanta ba. Amma tana da yara a hannu da suke zubewa. Wata safiya ta tsaya daga nesa, ta ga ayarin da idonta, ta ga ƙeyar Malam Abdulbaqi tana goge kwalabe. Da rana ta yi sallama a shagon.

"Malam, na zo ne a kan Nazeer."

Kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya jawo wata kwalba da sauri. "Malama, ga wani sabo ya zo, irin naku ne na mata, ba ya hawa kai."

"Ɗanka nake nufi."

"Ai wannan ɓangaren Jibrin ne yake kula da shi."

"Na kira Alhaji Jibrin. Ya ce ba matsala. Na sake kira, ya ce ba matsala. Na ƙarshe ko sallama ban gama ba ya ce ba matsala."

Musa tela ya daina taka keke. Malam Abdulbaqi ya dubi rufin shagon, ya dubi titi, ya dubi farcensa. Ita kuwa ta ja benci ta zauna, ta zayyana masa komai: yaron ya daɗe ba ya shiga aji, inda yake zuwa, da yadda rabin masu gudun makarantar unguwar suke wucewa ta gaban shagon nan a inuwarsa kowace safiya.

"Ta nan?" in ji shi.

"Ta nan. Kana goge kwalabe."

Musa ya yi tari, irin tarin da ake yi don kada dariya ta fito.

"Mu ma da laifinmu," in ji Malama. "Yana zama a baya, ba ya rigima, yana da kunne, abin da aka faɗa sau ɗaya ya haddace. In an ce a karanta tare, bakinsa yana motsi da na kowa. Kuma wa zai zaci ɗan Malam Damƙau ne karatu ya bari a baya? Ni kaina sai da na zaunar da shi shi kaɗai na gane. Tun daga ranar kuma bai sake yarda mun haɗu ba."

"To, Allah ya kyauta. Za a gaya wa mutanen gidan."

"Malam, kai ne mutanen gidan. Ni ban ce ka kira sunansa ba, ka ce masa Wane in ka ga dama. Amma ka dube shi. In ya dawo ina da wuri a ajina na yamma, kuma yaro mai kai irin nasa ba zai daɗe ba zai kamo. In bai dawo zangon nan ba, ba na jin zai sake dawowa."

Ta tashi ta tafi, ba ta sayi turaren ba.

Kunya iri biyu ta haɗu ta danne shi, ta al'ada da ta tafin da ya karɓa a taro. Da yamma ya shiga gida, ya tarar Nazeer yana wanke takalmi a bakin rariya. Ya tsaya a tsakar gida, ya fuskanci randa, ya yi gyaran murya.

"Akwai wasu mutane a gidan nan," ya ce wa randar, "da ake ganin sun tafi wani wuri, alhali wani wurin suke zuwa. To, a gaya musu an sani."

Safiya ta shige ɗaki. Ƙananan yaran suka dubi juna, ƙaramar ta fashe da kuka ta ce ita wallahi Islamiyya ta je. Nazeer ya ci gaba da wanke takalminsa.

Kashegari ya sake gwadawa, wannan karon da ragon da ke ɗaure a gindin bango ya yi maganar. Ya yi masa dogon bayani a kan amfanin ilmi da sharrin abokan banza. Ragon ya saurara sosai. Da safe ayari ya sake wucewa, Malam Abdulbaqi ya yi niyyar waiwayawa, wuyansa ya ƙi.

Hajiya 'Yardada ce ta gaji. Ta aika a kira shi ɗakinta. Shi ɗanta na tsakiya ne, don haka babu wata kunya a tsakaninsu, abin da ke bakinta shi take faɗa masa.

"Abdulbaqi, ka gama yi wa rago wa'azi? Ya tuba?"

"Hajiya, ai kin san yadda abin yake."

"Na sani. Ni ma na yi wa yayanka, har ya rasu ban faɗi sunansa ba, kuma ba na cewa na ji daɗin hakan. Zauna ka ji. Maigidana ya ce zai tafi ya bar ni. Na ɗauka wasanmu ne, na ce ya bar min kuɗin cefane. Sai na ga ya wanke kayansa ya ninke. Wannan Sadiƙ ɗin zai mayar da rumfarsa Abuja ranar Asabar, ya ce zai tafi da shi. An kira Jibrin."

"Me ya ce?"

"Me kake zato ya ce?"

Malam Abdulbaqi ya ƙirga kwanakin da yatsu. Ranar Laraba ce.

"Ni wasa kawai na iya da shi," in ji tsohuwar. "In na haɗe fuska dariya yake yi. Yau bayan la'asar zan turo maka shi zaure. Tunda ba ka iya kallonsa, ka juya masa baya, kunne dai ba ya kunya. Ka yi masa abin da kake yi wa 'ya'yan mutane."

Haka kuwa aka yi. Bayan la'asar Malam Abdulbaqi ya zauna a kan tabarma a zaure, fuskarsa na kallon bango, kamar wanda aka sa a kusurwa a makarantar allo. Ya ji shigowar yaron, ya ji ya durƙusa, ya ji ya zauna a bayansa. Ya tura kwalin turare ta gefe ba tare da ya juyo ba.

"A karanta," ya ce wa bangon.

Can sai murya ta fito, ta fara kauri, abin da Malam Abdulbaqi bai ma san ya faru ba. Yaron ya kama harafin farko ya ja shi, ya tsaya, ya yi canki-canki a sauran. Ya koma baya. Kalmar da ya taɓa ji a bakin masu saye ya faɗe ta daidai, ta kusa da ita ta gagare shi. Malam Abdulbaqi ya saurari irin wannan karatu daga bakin yara da yawa a kan bencin shagonsa, yakan ma yi musu barkwanci don su saki jiki. Yau bai sami barkwanci ko ɗaya ba. Tausayi ya kama shi, da haushin kansa.

"A tambayi mai karatu," ya ce, "me ya hana?"

"Ba na ganewa, Baba. Tun firamare. In an yi tare ina bi, in an ce ni kaɗai sai baƙaƙen su cakuɗe. Waya kuwa in na buɗe ta ina ganin inda ta lalace."

"Me ya sa ba a faɗa ba?"

"Wa zan faɗa wa?"

Malam Abdulbaqi ya ƙura wa bangon ido.

"Akwai hanya ta bayan masallaci," in ji Nazeer a hankali, "ta fi kusa da Mazugal. Ba na bin ta. Ta gaban shago nake bi kullum. Ranar farko har tsayawa na yi ina gyara takalmi. Na ce yau za a kama ni, a saya min gurasa, a tambaye ni. Duk yaran unguwar nan ka kama su, Baba, har waɗanda ba ka san iyayensu ba. Sai na ɗauka ka gani, ka ga ni ba sai an wahala a kaina ba."

Malam Abdulbaqi ya miƙe, ya laluba takalminsa, ya ce bari ya je masallaci kada ya rasa magariba. Rana ko ja ba ta yi ba. Ladan ya same shi zaune shi kaɗai a sahun gaba, ya tambaye shi ko lafiya, ya ce turare ne ya shigar masa ido.

Safiyar Alhamis ya buɗe shago da wuri. Bai taɓa tsumman goge kwalabe ba, ya ma miƙa wa Musa ya ce ya ajiye masa. Ya zauna a kan benci yana fuskantar lungun gidansu, hannuwansa a kan gwiwa, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin safiya.

Ayari ya ɓullo. Nazeer a gaba da rigar makaranta, kansa a ƙasa, jerin yara a bayansa. Wuyan Malam Abdulbaqi ya fara juyawa da kansa, irin juyawar shekara da shekaru. Ya sa hannu ya riƙe haɓarsa. Na farkon yaran da ya lura Damƙau yana kallonsu ya tsaya cak, na bayansa ya yi karo da shi. Kafin ka ce me, ayari ya watse, wani ya faɗa rumfar mai kayan miya, wani ya bar takalmi ɗaya a hanya. Nazeer kaɗai ya ci gaba da tafiya, a hankali, har ya zo daidai bencin.

Malam Abdulbaqi ya miƙa hannu ya riƙe wuyan hannunsa.

Keken Musa ya tsaya. Mai shayi ya tsaya da buta a sama. Wani dattijo da ke wucewa ya ce, "Ikon Allah, Abdulbaqi, ɗan farin naka?" Malam Abdulbaqi ya ji maganar har ƙafarsa, fuskarsa ta yi ja kamar ta mai zazzaɓi, amma bai saki ba. Hannun ya ba shi mamaki. Ya ɗauka ƙaramin hannu zai kama, sai ya ji ƙashi mai kauri, ga tabon ƙunar dalma a yatsu. Ya rasa me ake yi bayan wannan, shi da ya yi abin nan sau ba adadi. Musa ne ya tuna masa, ya ɗaga murya ya ce wa mai gurasa ta kawo ta ɗari biyu, ta sa ƙuli da yawa.

Yaron ya ci da hannu ɗaya, don ɗayan yana riƙe. Yana ci hawaye na zuba, yana kuma ƙoƙarin kada ya yi murmushi. Uban yana kallon wani wuri kusa da kunnensa, iyakar inda ƙarfinsa ya kai kenan.

Suka kama hanyar makaranta, mutane na leƙowa daga shaguna. A hanya Malam Abdulbaqi ya sanar da wani sandan lantarki cewa babu mai zuwa Abuja, gyaran waya kuma sana'a ce mai kyau, ana iya nemo wani ubangidan a nan kusa a riƙa zuwa Asabar da Lahadi, in an fito daga ajin Malama. Nazeer ya ce to.

Mai gadi ya buɗe musu ƙofa yana kallonsu baki buɗe. Malam Abdulbaqi ya san makarantar nan ciki da waje, ya san ajin ɗan Musa, ya san na jikan ladan, ya san na yaran da ko sunan ubansu bai sani ba. Ya ja yaron suka shiga harabar da saurinsa na kullum. A tsakiyar fili ya rage tafiya, ya dubi ajujuwan hagu, ya dubi na dama, ya tsaya.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya juyo, ya dubi yaron a fuska, ya yi ƙasa da murya.

"Aji nawa kake?"

"Aji biyu, Baba. Bara ma aji biyu nake."

Malam Abdulbaqi ya gyaɗa kai. Ya ƙara riƙe hannun da kyau, ya ce, "Wuce gaba ka nuna min."